Tantance Lokacin Shukar Waken Mung da Taimakon Kwamfuta

Gabatarwa

Waken mung ɗan ƙaramin wake ne mai koren launi, dangin waken da muka saba nomawa. Indiya ce kan gaba wajen noma shi, ana kuma noma shi da yawa a Miyanma da Sin da Kenya da Ostireliya. Yakan nuna cikin kwana 60 zuwa 75, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, sannan yana ƙara wa ƙasa taki kamar sauran danginsa. Sai dai ka sani, ya kai mai karatu, riba ko asara a nomansa ta rataya ne a kan ranar shuka.

Dalili kuwa shi ne, wannan wake yana buƙatar danshi lokacin fure da cikar kwanso, amma ba ya jure kwanciyar ruwa. Tsananin zafi yana zubar masa da fure. Kwansonsa ba ya nuna lokaci guda, kuma idan ruwa ya yi ta dukan wanda ya nuna, ƙwayar kan yi fumfuna ko ta tsira a ciki, darajarta ta faɗi a kasuwa. Gano ranar da ta dace ta hanyar gwaji a gona kaɗai zai ci shekaru masu yawa, domin damina ba ta zuwa iri ɗaya.

Yadda manhajar ke aiki

Saboda haka ne masana suka ƙirƙiro manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon girman shuka. Biyu sun fi shahara: DSSAT, wadda ta fara fitowa a 1989, da APSIM, wadda aka soma ginawa a Ostireliya a farkon shekarun 1990, kuma tana da sashe na waken mung.

Abu huɗu ake ba manhajar: yanayin kowace rana, wato yawan ruwan sama da mafi tsananin zafi da mafi ƙarancinsa da hasken rana, zurfin ƙasa da yawan ruwan da take iya riƙewa, halayen irin, sai ranar shuka da tazara. Daga nan sai ta riƙa lissafi rana bayan rana: zafin da shukar ta tara, ruwan da saiwa ta sha, ranar fure, ranar nuna, har zuwa yawan amfani a kadada.

A ce an samu bayanan yanayi na shekara 30 na wani gari. Cikin ɗan lokaci manhajar za ta gwada shuka a farkon Yuli da ƙarshensa da tsakiyar Agusta, a kowace shekara daga cikinsu. Amsarta takan zo kamar haka: a wannan rana, shekara kaza cikin goma za a dace, shekara kaza kuma fari ko ruwan kaka zai ɓata amfanin. Ba ta yi maka alkawarin yawan buhunan bana, girman kasadar da za ka ɗauka take nuna maka.

A jihar Kwinsland ta Ostireliya, inda ake shuka wannan wake a wajajen Satumba da Oktoba ko Disamba da Janairu, an yi amfani da APSIM wajen kwatanta lokutan shuka da tasirin danshin da ke cikin ƙasa ranar shuka. Amsar can ba za ta yi aiki a nan ba, domin ƙasa da damina sun bambanta. A Nijeriya kuwa, masu bincike na IITA da Jami'ar Bayero ta Kano sun yi amfani da irin waɗannan manhajoji wajen fitar da lokacin shukar masara da waken soya.

Iyakarta

Lissafin ya ginu ne a kan yanayi da ƙasa da iri. Ɓarnar tsutsar kwanso da ciyawa da cutar da ke mayar da ganye ɗorawa, wadda ƙananan fararen ƙudaje ke yaɗawa, duk sai an kula da su daban. Haka kuma dole a daidaita manhajar da sakamakon gonakin gwaji na yanki kafin a amince da ita. Bayanin da ba daidai ba yana haifar da shawarar da ba daidai ba.

Aikin da ke gabanka

Kai malamin gona, ka kafa ma'aunin ruwan sama, ka rubuta abin da ya sauka kowace safiya. A gonar gwaji ka rubuta sunan iri, da tazara, da ranar shuka, da ranar da rabin shukar ta yi fure, da ranar nuna, da nauyin abin da aka girbe. Ka riƙa bin hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara.

Kai kuma manomi, ka fara da ɗan ƙaramin fili, ka raba shukar gida biyu ko uku da tazarar kwana 10, ka ƙidaya kwanaki yadda nunar za ta zo daidai da ɗaukewar ruwa a yankinka. Ka sanar da malamin gona abin da kowane kashi ya bayar, domin da irin wannan bayani ne za a daidaita manhajar ta dace da gonarka.