Shin Ko Kun San? Adireshin Intanet Hayarsa Ake Yi, Ba Saye Ba

Daga Karmo zuwa unguwar masana'antu ta Idu, a nan Abuja, tafiya ce kaɗan, amma matashin da ke neman aiki a yau wayarsa yake fara buɗewa kafin ya taka ƙofar kamfani. Shi ya sa filinmu na wannan mako ya tsaya kan shafukan neman aiki da adireshin da suke zaune a kai.

Shin ko kun san ɗalibai uku ne suka kafa Jobberman, ɗaya daga cikin manyan shafukan neman aiki a Najeriya? Ayodeji Adewunmi da Opeyemi Awoyemi da Olalekan Olude suka fara shi a 2009, suna karatu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

Shin ko kun san LinkedIn, da aka buɗe a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2? Babban abin da aka saya shi ne tarin bayanan ma'aikata da masu neman aiki. Ke nan takardar CV ɗinku dukiya ce, kada ku riƙa watsa ta ko'ina.

Shin ko kun san Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da nata shafin haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, mai suna NELEX? Shirin N-Power ma ta intanet ya ɗauki matasa 200,000 a zubin farko a 2016, kuma da aka sake buɗe shafin a 2020 sama da mutum miliyan 5 suka cike. Irin wannan cunkoso shi ne kasuwar 'yan damfara.

Shin ko kun san ranar 15 ga Maris, 2014, neman aiki ya ci rayuka a nan Abuja? Sama da mutum dubu 500 suka cike fom ta intanet, kowa ya biya naira 1,000, don guraben Hukumar Shige da Fice da ba su kai 5,000 ba. A turmutsutsun ranar jarrabawa mutum aƙalla 16 suka rasu a faɗin ƙasa, bakwai daga ciki a babban filin wasa na Abuja. Allah ya kiyaye na gaba. Yanzu hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan shige da fice da Sibil Difens da gidajen gyaran hali da kashe gobara tana nanata cewa cike fom kyauta ne. Duk wanda ya ce ku turo kuɗin fom ko na gurbi, ku juya masa baya.

Shin ko kun san ba kowa ake bai wa adireshi mai ƙarewa da .gov.ng ba? Na hukumomin gwamnati ne kaɗai, kuma hukumar NITDA ce ke tantance masu nema. Na soja .mil.ng ne, na manyan makarantu .edu.ng. Idan aka turo muku sanarwar ɗaukar aikin gwamnati ta WhatsApp, ku kalli ƙarshen adireshin tun kafin ku kalli tambarin da aka liƙa. Tambari kowa na iya kwafa.

Shin ko kun san babu mai mallakar adireshin intanet har abada? Haya ake yi, daga shekara ɗaya zuwa goma, kamar rumfa a kasuwar Karmo: idan wa'adi ya cika ba a biya ba, wani zai shiga, kuma masu ciniki da suka saba da wurin gare shi za su zo. Adireshin .com na farko a duniya, symbolics.com, tun 15 ga Maris, 1985 aka yi masa rajista, kuma har yau sabuntawa ce ke riƙe da shi.

Shin ko kun san adireshin da wa'adinsa ya ƙare ba nan take yake kuɓucewa ba? Hukumar ICANN, da aka kafa a Amurka a 1998, ta wajabta wa kamfanonin rajista tun 2013 su tura saƙon tuni sau biyu, kusan wata guda da kuma mako guda kafin ranar, sannan su ƙara ɗaya cikin kwana biyar bayanta. A tsarin .com, bayan ranar akwai rangwamen da kan kai kwana 45, inda galibi kuɗin sabuntawa kawai za a biya, amma shafi da imel kan tsaya cak. Idan aka goge sunan, saura kwana 30 na fansa, a kan kuɗin da ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Daga nan sai kwana biyar da ba a iya yin komai, sai a sake shi ga duk wanda ya riga. Kada ku dogara da dukan waɗannan kwanaki, domin wasu kamfanonin rajista tun a lokacin rangwame suke sa sunan a gwanjo.

Shin ko kun san Microsoft ma ya taɓa mantawa? A Disambar 1999 wa'adin adireshinsa na passport.com ya ƙare, masu imel ɗin Hotmail da yawa suka kasa buɗe saƙonninsu, sai da wani masanin kwamfuta, Michael Chaney, ya biya dala 35 daga aljihunsa.

Shin ko kun san wanda ya karɓi tsohon adireshi yana iya karɓar saƙonnin da ake turawa can? A nan hatsarin yake ga mai neman aiki. Kamfani ya rufe ko ya yi sakaci, wani ya ɗauki sunan, ya kwafo tsohuwar fuskar shafin, ya saka tallan gurabe. Kuna ganin sunan da kuka sani, sai ku tura CV da hoto da lambar NIN da lambar waya, duk su faɗa hannun baƙo. Alamar kwaɗon da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce. Abin da take nufi kawai shi ne an rufe hanyar saƙo tsakaninku da shafin, kuma kyauta ake samunta.

Shin ko kun san kuna iya binciken shafi da kanku cikin minti kaɗan? Binciken WHOIS yana nuna ranar da aka yi wa adireshi rajista da ranar da zai ƙare. Wayback Machine na cibiyar Internet Archive kuma yana nuna yadda shafin yake a shekarun baya. Kamfanin da ya ce ya shekara 20 yana aiki, amma adireshinsa na watan jiya ne, akwai lauje cikin naɗi.

Shin ko kun san doka ta tanadi hukunci? Sashe na 25 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta amfani da sunan wani ko na kamfaninsa ko adireshinsa a intanet ba da izini ba, don a hana shi cin moriyarsa. Hukuncin kan kai ɗaurin shekara biyu, ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun.

Shin ko kun san Najeriya ta samu .ng a 1995, kuma ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke kula da shi, da nata ƙa'idojin? Masu makarantu da ɗakunan shan magani da shaguna a Karmo da Gwagwa da Dei-Dei, ku tambayi wanda ya gina muku shafi: da sunan wa aka yi rajista, kuma wane imel saƙon tuni ke zuwa? Idan nasa ne, ku sa ya mayar da su naku, ku biya na shekara biyu ko uku a haɗe, ku rubuta ranar ƙarewa a littafin da kuke rubuta kuɗin haya.