Bargo da katifa sun fi kwalin ƙwai: yadda za a ɗauki murya mai tsabta a cikin ɗaki

Ana yawan turo mana muryoyi ta WhatsApp: matashi ya rera waƙarsa, mai bege ya yi nasa, ƙungiyar mata ta aiko da sanarwa, ɗan ci-rani daga Legas ko Abijan yana gaida gida. Muryar da daɗi, amma da yawa ba ma iya watsa su, don suna fitowa kamar daga cikin rijiya. Mai abu sai ya ɗora laifi kan salula, ya shiga tara kuɗin mikro. Alhali galibi matsalar daga ɗakin take.

Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda. A ɗaki mai faɗin mita 4, kafin ka rufe baki muryarka ta bugi bango ta komo sau da dama, kuma mikro yana kwasar duka, ta bakinka da wadda ta dawo. Bangon siminti, daɓe mai sulɓi da rufin kwano su ne suka fi mayar da ita. Gwajin ba ya cin ko dala: tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani amo ya biyo baya yana kaɗawa, to shi ne zai hau kan waƙarka.

Maganinsa abu mai laushi da kauri, wanda iska ke iya ratsawa: bargo, katifa, matashin kai, labule mai nauyi, tarin tufafi. Kauri shi ne magana. Zane ɗaya ko tabarma ba sa shanye komi sai siririn sauti, kaurin muryar namiji kuwa wucewa yake abinsa. Ninka bargo biyu, ka rataya shi a igiya, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Ya fi aiki a haka bisa a manna shi.

Inda za a rataya ma da muhimmanci, kuma nan mutane suke juya abin. Yawancin mikro na waƙa gabansu suke ji, wato wajen mai magana. Ke nan bangon da ke bayanka shi mikro yake kallo. Can za ka fara jingina katifa a tsaye, sannan ka sa bargo gefe da gefe, ka shimfiɗa darduma ko wani bargo a ƙasa. Kar ka tsaya daidai tsakiyar ɗaki, kar kuma ka shige kusurwar da ba komi a cikinta.

Kwalin ƙwai fa? Mun san yadda ake ji da shi, har akwai masu bin kasuwa suna tarawa su lulluɓe bango kaf. Siffarsa ce kawai ta yi kama da soson sutudiyo. Takarda ce marar kauri, abin da take shanyewa kaɗan ne, ba ta tare hayaniyar waje, ga ta matattarar kyankyasai, ga saurin kama wuta. A ganinmu wahalar banza ce.

Masu ɗakin laka ku gode Allah. Bango mai kauri da rufin azara sun fi kwano tare ƙarar waje nesa ba kusa ba. Ɗakin uwargida mai gado da katifa da labule sau da yawa ya fi sabon ginin siminti da ba kaya. Sai dai a lura da jeren kwanoni, suna iya amsawa in murya ta ɗaga. A yafa musu zane mai kauri.

Abu guda da bargo ba ya yi shi ne hana ƙarar waje shigowa. Injin niƙa, kabu-kabu, kukan jaki, ruwan sama a kan kwano, waɗannan sai bango mai nauyi da ƙofa rufaffiya, ko kuma zaɓen lokaci. Bayan isha'i da gari ya yi tsit ya fi. A kashe fanka, a nisanci firij. Mun san a watan Afrilu da Mayu zama cikin barguna ba fanka azaba ce, don haka a ɗauka gutsure-gutsure, baiti ɗaya a fito a sha iska.

Sai tazara. Baki ya kasance kamar santimita 15 zuwa 20 daga mikro ko salula. Duk nisan da ka ƙara, muryarka na raguwa, amon ɗaki kuwa yana nan yadda yake. Don kar iskar baki ta riƙa bugun mikro wajen furta "b" da "f", lanƙwasa waya ta zama zobe, ka ja siririyar safar mata a kai, ka tsayar da ita tsakaninku. In ba safa, karkata bakinka kaɗan gefe.

Da salula kake ɗauka? Sa ta a yanayin jirgin sama kar kira ya katse ka, ka aza ta kan matashi maimakon riƙewa a hannu. Wajen turowa kuma, ɗauka da manhajar naɗar murya ta cikin wayar ka aiko a matsayin fayil, don saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi, kuma abin da ya zube a can ba mu da yadda za mu maido shi.