Injin wanke-wanke da kumburin kabad: ina gaskiyar take?

A wani gidan biki a Kaduna na ji wata Hajiya tana gargaɗin uwar amarya: "Yaya, ki rufa wa kanki asiri, kada ki sa mata injin wanke-wanken nan a kicin. Shekara guda ya cinye wa 'yata kabad." Kafin a fara rabon alkaki zancen ya zagaye ɗaki, kowa ta ɗora nata a kai. Na tattara abin da na ji, na auna shi da abin da masu ƙera injinan suke rubutawa da kuma halin katakon kansa.

Hajiya ba ƙarya ta yi ba, kabad yakan lalace a gefen injin. A ɗaurayar ƙarshe, zafin ruwan yakan kai digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, don haka idan injin ya tsaya cikinsa cike yake da tururi. Tururi sama yake yi, inda ya tarar da wuri mai sanyi ya koma ruwa, kamar yadda murfin tukunyar tuwo ke zufa. Abin da yake fara tararwa shi ne ƙasan kantar da ke bisa injin, sai gefunan ƙofofin kabad na dama da hagu. Yawancin kabad ɗin da kafintocinmu ke haɗawa yanzu na MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse. Fuskarsa a lulluɓe take da leda mai sheƙi wadda ruwa ba ya ratsawa. Lagonsa yana bakin da zarto ya yanka. In aka bar wannan bakin tsirara, shan ruwa yake yi kamar garin kwaki, ya kumbura kamar shi. Ko an rufe bakin da tef ɗin gefe, gam mai araha yakan yi laushi da zafi, tef ya ɗaga, laima ta sami ƙofa.

Shawarar da ta fi yawo ita ce ta fi ɓarna. Ana cewa da zarar injin ya gama, a ɗan buɗa ƙofarsa a bar ta haka don kwanuka su sha iska. Ƙofar da aka ɗan buɗa tana tattara tururin duka ta harba shi ta siririyar kafa, daidai kan bakin kanta. Littafin da Bosch ke sakawa cikin injinansa ma ya yi kashedi a kan haka: in za a buɗe, a buɗe gaba ɗaya, saboda tururi na iya ɓata kanta. Mafi sauƙi, a bar shi a rufe kamar rabin awa. Cikin injin ƙarfe ne, yana saurin hucewa fiye da tangaran, sai laimar ta taru a jikinsa ta gangara ƙasa. Yawancin injinan Turai da haka suke busar da kaya.

Wata ta ce ai nata da kansa yake buɗewa, ke nan kamfanin bai san aikinsa ba? Ya sani. Miele da Electrolux da Bosch duk suna da masu buɗe kansu, amma sai a ƙarshen busarwa, bayan zafin ya sauka. Wanda ya fizge ƙofa ana tsaka da ɗauraya saboda an ɗauke wuta, yana son ya ga ko kwanukan sun fita, shi ne ya yi wa kantarsa wanka da tururi mafi zafi. In NEPA ta yi halinta, a bar injin yadda yake.

Akwai wani abu da masu haɗawa ke jefarwa tare da kwali, suna zaton tarkace ne. Injina da yawa suna zuwa da wani dogon falle na alminiyam ko roba, wanda ake mannawa ko a ɗaure a ƙasan kanta, daidai saman ƙofa, don ya tare tururi. IKEA har sayar da irinsa take yi daban da sunan FIXA. Ki sa hannu ƙarƙashin kantarki ki shafa. Idan katako kika ji gundarinsa, an tsallake wannan mataki. Tef ɗin alminiyam na masu haɗa AC yana yin aikin, bayan an shafe bakin katakon da banish ko silikon ya bushe. Kuɗinsa bai kai na ƙofar kabad ɗaya ba.

Masu kantar dutse suna ganin sun tsira. Rabi da rabi. Giranait ba ya kumbura, amma sau da yawa a kan filawud ake ɗora shi, ƙofofin gefe kuma suna nan yadda suke.

Sai masu cewa a yi haƙuri, hunturu zai gyara. Na san inda suka samo wannan. Ƙofar icce takan cije da damina, iskar hunturu ta kaɗa ta saki. Wannan halin icce ne na gaske. MDF kuwa in ya sha ruwa, zarurrukansa sun rabu da gam ɗin da ya riƙe su. Zai bushe, amma a kumbure zai tsaya, yana marmashewa, kusa ba ta kama shi. Kafintan da ya ce zai matse shi ya koma, kuɗin shayi kawai yake nema. Canja falle za a yi.

Abin da na so in tambayi Hajiya ban samu dama ba: ta ina kabad ɗin ya fara kumbura? Tururi daga sama yake ɓarna. Idan kumburin daga ƙasa ya taso, kusa da tayil, a bar zargin tururi a nemi yoyo: robar bakin ƙofa ta tsufa, ko tiyon ruwa ya saki a baya, ko injin bai zauna daidai ba. Wani lokacin ma mofa ce da ake jiƙa ƙasa da ita kullum safe.

Idan kuwa kabad ɗin bango ne ya ɗaɗɗaga, injin da ke can ƙasa da wuya ya kai nan. A duba abin da aka ajiye a ƙarƙashinsa. A gidajen da na leƙa, butar lantarki ce ko tukunyar shinkafa ta lantarki, bakinta yana kallon katako, tana tafasa sau uku ko huɗu a yini. A jawo ta gaba, a juya bakinta wajen taga.