Larurar Hali Mai Tangal-tangal a Hannun Masu Ƙaga Labari

A shekarar 1987 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Fatal Attraction, labarin wata mata, Alex, wadda ta liƙe wa wani magidanci bayan sun yi 'yar tarayya ta kwana biyu. Da ya juya mata baya sai ta yanke jijiyoyin hannunta, ta dafa zomon 'yarsa, daga ƙarshe ta shiga gidansa da wuƙa. Ba a ambaci sunan wata cuta a fim ɗin ba, amma tun daga lokacin mutane da yawa suke kafa misali da Alex in ana zancen wata larura ta hali da likitoci suka laƙaba wa sunan da ke nufin "bakin iyaka".

Sunan ya samo asali ne daga Adolph Stern, wanda a 1938 ya ga kamar masu ita suna tsaye ne tsakanin damuwa da taɓin hankali. Sai a 1980 ta shiga kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka. Mai wannan larura yana fama da matsanancin tsoron a guje shi, zuciyarsa na saurin hawa da jinkirin sauka, yau ya ɗaukaka mutum gobe ya tsane shi, sa'annan yakan ji ransa fayau kamar ba kowa a ciki. Nazarin tagwaye da na dangi ya nuna gado yana da hannu wajen kashi 40 cikin ɗari. Saura kuwa daga abin da rayuwa ta gindaya ne, musamman wahala ko cin zarafi a ƙuruciya.

To, ina masu labari suke kaucewa? Da farko dai, a kan wanda haɗarin yake. Wuƙar da aka fi tsoro a hannun irin waɗannan bayin Allah, kansu suke juya wa: yawancinsu sukan raunata jikinsu, kuma an ƙiyasta har ɗaya cikin 10 yakan halaka kansa. Abin mamaki, haka aka fara tsara ƙarshen fim ɗin, wato Alex ta kashe kanta. Da aka gwada wa 'yan kallo sai suka ƙi, suna son a hukunta ta, aka sake ɗauka matar gida ta harbe ta. Glenn Close, wadda ta fito a matsayin Alex, ta riga ta kai rubutun labarin wurin likitocin ƙwaƙwalwa don ta fahimci matar, kuma ta yi ta jayayya da wannan sauyi kafin ta sallama. Binciken an yi shi, kasuwa ce ta danne shi.

Kuskure na biyu ya fi wannan illa a ganina, wato nuna cewa halin ba ya sauyawa. Mary Zanarini da abokan aikinta a asibitin McLean kusa da Boston sun bi majinyata 290 har shekara 10. A rahotonsu na 2010, kashi 93 cikin ɗari sun sami sauƙin alamomin na aƙalla shekara 2, ko da yake rabi ne kacal suka haɗa da tsayayyen aiki da kyakkyawar hulɗa. Wannan tazara, tsakanin lafawar ciwo da komawa cikin jama'a, ita ce labarin da marubuci zai tarar ba a cika taɓawa ba.

Wanda ke son ƙaga irin wannan tauraro zai fi ƙaruwa da abin da masu larurar suka faɗa da bakinsu. Susanna Kaysen ta wallafa Girl, Interrupted a 1993 kan zamanta a wancan asibiti na McLean tun daga 1967. Ita kuwa Marsha Linehan, wadda ta ƙirƙiro hanyar jinya da ke koya wa majinyaci jure ɓacin rai da sarrafa zuciya, a 2011 ta bayyana cewa ita ma an kwantar da ita tana 'yar shekara 17, tana yanka jikinta.