"Zamaninsu daban ne": shin wannan ya wanke magajiyar Heeramandi?

Idan kana bin finafinan Indiya, da wuya a ce Heeramandi ya wuce ka. Ko ba ka zauna ka kalli kashi takwas ɗin da Netflix ta saki ranar 1 ga Mayun 2024 ba, ka ci karo da guntun bidiyon nan na tafiyar rangwaɗar Bibbojaan, wanda 'yanmata suka yi ta kwaikwayo a TikTok da Instagram. Sanjay Leela Bhansali ne ya shirya shi, kuma kowa ya san hannunsa: fitilu, gwala-gwalai, lehenga mai nauyin da sai an taya mace ɗauka. Kyan ya yi yawa har mutum kan manta a ina labarin ke faruwa. To, a unguwar mata masu zaman kansu ce ta birnin Lahore, kafin Turawan Ingila su bar Indiya.

A cikin shirin an sayar da jariri. Uwar gidan, Mallikajaan, ta sayar da 'yar 'yar'uwarta Fareedan tun tana ƙaramar yarinya. 'Yar cikinta kuwa, Alamzeb, burinta ta zama marubuciyar waƙa, amma uwar ta dage sai an yi mata bikin cire zoben hanci, wato ranar da wani mai kuɗi zai biya ya zama na farko a kanta. Ka kawo wannan maganar a cikin abokai ka gani. Nan take wani zai ce maka, "Haba, ai zamaninsu daban ne. Al'adarsu ce. Kai waye da za ka auna mutanen shekara ɗari da mudun yau?"

Masu wannan magana suna da abin kamawa, kada ka raina su. Matan da ake kira tawaif a arewacin Indiya sun fi ƙarfin kalmar "karuwa" da muke jefa musu da Hausa. Su ne suka riƙe rawar kathak da waƙoƙin thumri da gazal tsawon zamani. Manyan gari kan tura 'ya'yansu maza gidajensu domin su koyi ladabin zama da iya magana. Masaniyar tarihi Veena Oldenburg, da ta binciki takardun harajin birnin Lucknow na bayan boren 1857, ta tarar da sunayen waɗannan mata a sahun masu biyan haraji mafi tsoka, da gidaje da gonaki da shaguna na kansu. A lokacin da matar aure a gidan mai sarauta ba ta ko leƙa ƙofa, ga wata mace tana karatu, tana rubutu, tana juya dukiyarta. Wanda ya kalli wannan duka ya ce "fasiƙai ne kawai, Allah ya shirya" bai fahimci komai ba, kuma galibi za ka ga bakinsa bai taɓa nawab ɗin da ya kawo kuɗin ba.

Amma ka lura da abin da kalmar "zamaninsu" ke yi a cikin jimlar. Tana tattara mai saye da mai sayarwa da wadda aka sayar ta zuba su a buhu ɗaya, kamar sun zauna sun yi shawara sun amince. Zamanin wa? Ga nawab zamanin shagali ne. Ga magajiya zamanin ciniki ne. Yarinyar da aka rufe a ɗaki fa, wa ya tambaye ta?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutanen wancan lokacin da ake cewa kada mu yi musu hukunci, su da kansu sun riga mu yin hukuncin. Ɗauki littafin Umrao Jaan Ada, wanda Mirza Hadi Ruswa ya wallafa da harshen Urdu a 1899. Iyayenmu sun san labarin ta fim ɗin Rekha na 1981, mu kuma ta na Aishwarya Rai na 2006. Yarinya ce mai suna Amiran a garin Faizabad. Mahaifinta ya ba da shaida a kan wani ɗan ta'adda, Dilawar Khan, shi kuma da ya fito daga kurkuku ya sace ta don ramuwa, aka kai ta Lucknow aka sayar wa Khanum Jaan. A can ta koyi waƙa da rawa da adabi, ta yi suna, manyan mutane suna layi don su ji muryarta. Duk da haka marubucin bai taɓa nuna satar a matsayin alheri ba. Dilawar Khan mugu ne tun shafin farko, kuma ƙarshensa igiyar rataya. Wannan fa mutumin Lucknow ne yake rubutu shekara 125 kafin Heeramandi, ba ɗan gwagwarmayar intanet ba.

Doka ma haka. Kundin hukunta laifuka na Indiya na 1860 yana da sashe na 372 da na 373, waɗanda suka haramta sayar da yarinya mai ƙarancin shekaru ko sayenta domin karuwanci. Ke nan a shekarun da aka ɗora labarin Heeramandi, abin da Mallikajaan ta yi wa Fareedan laifi ne a rubuce. Kada wannan ya sa ka tafa wa Turawa, don su ma hannunsu dumu-dumu yake. Gwamnatin da ta rubuta wancan kundi ita ce ta kafa dokokin 1864 da 1868 da suka tilasta yi wa mata rajista da binciken jikinsu, domin kare lafiyar sojojin Ingila da ke zuwa wurinsu. Macen ake kamawa a duba, sojan kuwa ya saka hularsa ya koma bariki. Kuma su ne suka ƙwace dukiyar tawaif da dama bayan 1857, suka rushe fadojin da ke ɗaukar nauyin fasaharsu, har sana'ar ta gangaro ta koma abin da ake zarginta da shi tun farko.

Inda lissafin ya fi cakuɗewa shi ne kan magajiya. Mu ma muna da wannan kalma a Hausa, kuma mun san ma'anarta: shugabar gidan, wadda ke karɓar baƙuwa, ta ba ta ɗaki, ta tsaya mata idan rigima ta taso, ta kuma ci daga guminta. Bhansali yana son irin wannan mace sosai. A Gangubai Kathiawadi na 2022, Alia Bhatt ta fito a matsayin Ganga, 'yar lauya da saurayinta Ramnik ya yaudara da alkawarin shiga fim, ya kai ta Bombay ya sayar da ita rupi 1,000 a unguwar Kamathipura. Daga baya ta zama magajiya, ta nema wa matan hutu, ta yi faɗa don 'ya'yansu su shiga makaranta, har ta gana da Firaminista Nehru. Ka fito daga kallon kana jin kamar ka sara mata. Ni ma ta burge ni, ba zan ɓoye ba.

Sai dai ka sake duba yadda aka gina fim ɗin. An buɗe shi da wata yarinya, Madhu, da aka kawo gidan da ƙarfi, Gangubai ta fanshe ta ta mayar da ita gida. Yarinya ɗaya ke nan. Sauran ɗakunan fa, ta yaya suke cika? Kyamara ba ta leƙa nan ba. An ba mu farin sari da baƙin tabarau da jawabi mai tayar da tsikar jiki, aka ɗauke mana littafin lissafin gidan. Mace tana iya zama wadda aka zalunta da safe ta zama mai zalunci da yamma, kuma tausayin abin da aka yi mata ba ya goge abin da ta yi wa ta bayanta. Za ka iya fahimtar dalilin Mallikajaan sarai, tsoron talauci da tsoron tsufa a sana'ar da ba ta da fansho, ka kuma ce ta yi mugun abu. Zuciya ɗaya tana ɗaukar duka biyun.

Ka gwada wannan ma'auni a gida ka ji yadda zai zauna. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an sace yaro, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Bauta a lokacin ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa, kasuwa ce da rana tsaka. Amma ka taɓa jin wanda ya karanta wahalar wannan uwa ya ce "ai zamaninsu ne, ba komai"? Idan kukan uwar Umar ya shige ka, ban ga dalilin da na uwar Amiran zai zama al'ada ba don kawai an sa masa kiɗan tabla.

Akwai kuma abin da ya kamata mu 'yan kallo mu yi hattara da shi. Fim ɗin Bhansali ba darasin tarihi ba ne. Mutanen Lahore da dama sun yi ƙorafin cewa Heeramandin da ya zana ba ta yi kama da unguwarsu ba, daga gine-gine har harshen da ake yi. Kafin fitar Gangubai ma sai da aka je kotu: wani da ya ce shi ɗan riƙonta ne ya nemi a dakatar da fim ɗin, mazauna Kamathipura kuma suka koka cewa ana shafa wa unguwarsu baƙin fenti. Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi dakatarwa, aka saki fim a Fabrairun 2022. Saboda haka idan kana gardama a kan "yadda abin yake a da", ka tabbata ba a kan zanen mai shirya fim kake tsaye ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Umrao shi ne komawarta Faizabad bayan shekaru. Ta zo a matsayin shahararriyar mawaƙiya, aka gayyace ta waƙa a kusa da gidan da aka haife ta, ta gane unguwar, ta haɗu da mahaifiyarta suka rungume juna suna kuka. Sai ƙanenta ya zo ya ce ta jawo musu abin kunya, ta bar garin. Garin da ke biyan kuɗi ya saurari muryarta bai yarda ta kwana a ɗakin uwarta ba, alhali kowa a gidan ya san sace ta aka yi. Ta tattara kayanta ta koma Lucknow.