Ilmin Taurari Da Hanyar Kaiwa Gare Shi

Duk wanda ya yi wayo a Batsari ko Safana kafin shekarar 2006 ba zai manta da ranar Laraba, 29 ga Maris ba. Da hantsi rana ta yi husufi, gari ya yi duhu har minti uku da wani abu, kaji suka nufi akurki, jama'a suka fita salla. Abin mamaki shi ne, tun shekaru da yawa kafin nan masana sun faɗi ranar da sa'ar, har da garuruwan da inuwar wata za ta ratsa, irin su Gusau da Katsina da Maraɗi. Ba duba suka yi ba, lissafi ne.

Wannan ilmi kashi biyu ne. Kashi na farko yana binciken taurari su kansu, watau abin da aka yi su da shi, da yadda suke ba da haske, da yadda suke mutuwa. Na biyu kuwa yana binciken sararin samaniya baki ɗaya. Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa sararin nan faɗaɗa yake yi, kuma masana sun ƙiyasta shekarunsa sun kai biliyan 13.8. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma hasken Kaza da 'Ya'yanta da muke gani a tsakar gida ya fi shekara 400 a hanya.

To, yaya ɗalibi zai kai ga wannan matsayi? Da farko sai ya riƙe lissafi da fiziks tun daga sakandare. Daga nan ya yi digirin farko na shekara huɗu, ko a Dutsin-Ma ko a Katsina ko a Zariya. Sa'an nan ya nemi digiri na biyu, wanda yakan ɗauki kamar shekara biyu, a inda ake koyar da ilmin taurari sosai, kamar Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. A digiri na uku ba haddar littafi ake yi ba. Ɗalibi zai shekara uku ko fiye yana bin tambaya guda har ya gano abin da ba a sani ba. Haka Samuel Okoye ya yi a Kambirij ta Ingila. A 1965 shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan wuri mai fitar da igiyar rediyo cikin ragowar wani tauraro da ya fashe. Daga baya aka tabbatar tauraro ne mai juyawa sau 30 a daƙiƙa.

Wasu iyaye sukan ce kallon taurari ba ya kawo tuwo. Amma lissafin nan shi ake amfani da shi wajen harba tauraron ɗan'adam, kamar NigeriaSat-1 na 2003, da hasashen damina wanda manomi yake bukata. Kuma ilmin ba baƙo ba ne a ƙasarmu, don Malam Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a lissafi da sanin taurari.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu gudu daga ajin lissafi. Iyayenmu kuma muna roƙonku ku ƙara haƙuri da tsawon karatun, maza da mata. Allah ya ba mu sa'a, amin.