Mota Madubi Ce: Darasin Haske Ga Mai Ɗaukar Hoto

Bara na so sayar da tsohuwar motata, baƙa wuluk. Na ɗauke ta hoto da tsakar rana na saka a Facebook, aka yi mako biyu babu wanda ya taya. Da na sake duban hoton sai na ga dalili: rana ta bar farin tabo a kan bonet, ga surata da katangar maƙwabci kwance a jikin ƙofa.

Fentin mota madubi ne. Kamara ba ƙarfen take kamawa ba, abin da ke kewaye da motar take gani a jikinsa. Shi ya sa filashi kai tsaye ba ya haifar da komai sai ɗigon ƙyalli. Ƙwararru a situdiyo sukan rataya makeken farin ƙyalle sama da motar su haska shi, ƙyallen ya shimfiɗa haske mai taushi a kan fenti. Sukan kuma ɗaura wa kamara gilashin folaraiza domin rage ƙyallin gilashin gaba.

Mu nan Allah ya hore mana wannan ƙyalle kyauta: sararin sama gab da fitowar rana ko bayan faɗuwarta, da kuma hazon hunturu. Fili kawai ake nema, nesa da gine-gine.

Sai dai haske mai taushi yana ɓoye karce. Wajibi ne dillali ya ƙara hoto ɗaya da fitila daga gefe, wanda zai tona aibin fenti. Ɓoye aibin haja ha'inci ne, ko da da haske aka yi shi.